Lissafin Giyar Aksul Ɗin Baya a Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙarfi

Assalamu alaikum. Jama'a, ina yi muku barka da zuwa. Na baya, ku ɗan matso, domin yau akwai lissafi a kan allo.

Motocin da za mu yi magana a kansu su ne waɗanda Amurkawa suka ƙera tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970: Pontiac GTO, Chevelle SS, Mustang, Dodge Charger, Road Runner da ire-irensu. Babban inji ne mai silinda takwas a gaba, tayoyin baya ke turawa. Duk wanda ya samu irin wannan mota, hankalinsa kan inji yake tafiya. Amma abin da ke yanke hukuncin yadda motar za ta yi a hannunka yana can ƙarƙashi, a cikin tulun aksul ɗin baya.

A cikin tulun nan akwai giya biyu da ke cizon juna. Ƙaramar tana haɗe da farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga giyabos zuwa baya, babbar kuma kamar faifai take, ita ke juya tayoyi. Ka ƙirga haƙoran babbar, ka raba da na ƙaramar, ka samu lambar aksul. Haƙora 41 da 10, ka samu 4.10. Haƙora 41 da 11, ka samu 3.73. Haƙora 40 da 13, ka samu 3.08. Ma'anar 4.10 ita ce farfela za ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta kammala zagaye ɗaya. Idan lambar ta yi girma, mota za ta fizga da ƙarfi daga tsaye, amma inji zai yi ta ihu a doguwar hanya. Idan ta yi ƙanƙanta, tashi zai yi sanyi, amma a babban titi sai ka ji inji ya kwanta. Kamar mai keke ne da ya sa giyar hawan tudu: hawa ya yi sauƙi, amma a fili sai ya yi ta murza feda ba ya cin ƙasa.

To, ga lissafin da nake so kowa ya kwafa. Ka ɗauki gudun mota, wato mil nawa take ci a awa ɗaya, ka ninka da lambar aksul, ka ninka da 336, sannan ka raba da tsayin taya a inci. Abin da ya fito shi ne juyin inji a minti ɗaya, idan giyar ƙarshe ta giyabos ɗaya-da-ɗaya ce, wato inji ya juya sau ɗaya farfela ma sau ɗaya, kamar yadda take a kusan duk motocin wancan zamani. Mu ɗauki taya mai inci 26, gudu mil 70, wato kusan kilomita 113. Da 3.08, inji yana juyi kusan 2,800. Da 3.73, kusan 3,400. Da 4.10, ya haura 3,700. Ku dubi wannan lamba ta ƙarshe da kyau. Awa uku a kan hanya inji na juyi 3,700, zafi na taruwa, allurar mai na sauka kana gani, kai da wanda ke gefenka ba ku jin maganar juna. Mutane da yawa sun sa 4.10 don a ce suna da ita, bayan wata biyu motar ta koma zaman gareji, saboda tuƙa ta ya zama wahala.

Masu ƙera motocin sun san wannan sarai. A 1969, idan mai sayen Mustang mai inji 428 ya zaɓi 3.91 ko 4.30, Ford kan haɗa masa da na'urar sanyaya baƙin mai, don ta san abin da injin zai sha. Chrysler kuma, a motocinta masu injin Hemi da giyar hannu, aksul ɗin Dana 60 take sawa, da 3.54 ko 4.10. Waɗannan na masu tseren rubu'in mil ne, inda komai ke ƙarewa cikin daƙiƙa goma sha 'yan kai. Motar da ake zuwa aiki da ita kuwa, 3.08 ko 3.23 ake ba ta. Kuma a lokacin galan ɗin fetur bai kai rabin dala ba, sai da rikicin mai na 1973 ya zo ya sauya tunanin kowa.

Yanzu mu zo inda aka fi yin kuskure, wato zaɓen aksul ba tare da duba giyabos ba. Ƙarfin tashi daga tsaye, giya ta ɗaya ce ake ninkawa da lambar aksul. Masu wannan sana'a kan nemi sakamakon ya faɗa wajen 9 zuwa 10. Giyabos ɗin Muncie da ake kira M21, giyarsa ta ɗaya 2.20 ce. Ka haɗa shi da 3.08, ka samu 6.8 kacal. Wannan mota sai ka yi ta lallashin kuloci kafin ta motsa, a kan tudu kuwa har ƙaurin kulocin za ka ji. Ka ba shi 4.10, ya kai 9, ya dawo hayyacinsa. Ɗan'uwansa M20, mai 2.52, da 3.55 ma ya kusa kai 9. Kun ga lamba ɗaya ta zama magani a wata mota, ta zama cuta a wata.

Kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji, shi ma yana da ta cewa. Idan an sa wa inji kamshaf na tsere, ƙarfinsa ya koma sai juyin inji ya yi sama, a ƙaramin juyi ba shi da kuzari, dole ka ba shi babbar lamba don ya yi saurin isa inda yake numfashi. Injin 454 ko 440 da ba a taɓa shi ba kuwa, ƙarfinsa tun daga ƙasa yake, 3.31 ko 3.23 ta ishe shi ya ƙona taya.

Wani zai ce, to babu hanyar samun duka biyun? Akwai. Giyabos mai ƙarin giya ta sama, wadda ke rage juyin inji. Otomatik ɗin GM mai suna 700R4, giyarsa ta huɗu 0.70 ce. Ka ninka da 3.73, ta koma kamar 2.61, juyin inji a mil 70 ya sauko kusan 2,360. Ni dai ra'ayina a fili yake. Idan motarka ba ta da wannan giya kuma kana tafiye-tafiye da ita, kada ka wuce 3.55. Idan kana da ita, 3.73 ta yi daidai. 4.10 zuwa sama, ka bar wa motar da filin tsere ne gidanta.

Kafin ka sayi komai, ka san abin da ke cikin motarka, domin mota mai shekara hamsin da wani abu ta bi ta hannaye da yawa, kuma lambar da aka buga a jikin aksul ba lallai ta yi daidai da abin da ke ciki ba. Ka ɗaga bayan motar, ka sa mata matokara mai kyau, ka yi alama da alli a taya da farfela. Idan ka juya taya ɗaya, ɗayar ta bi ta gefe guda, aksul ɗin mai riƙe tayoyi biyu ne, irin wanda Chevrolet ke kira Positraction, Chrysler kuma Sure-Grip. Sai ka juya taya sau ɗaya, ka ƙirga juyin farfela. Idan kuwa ɗayar ta juya baya, ka riƙe ta, ka juya wannan sau biyu, sannan ka ƙirga.

Sauran ɗaurin. Aksul ɗin Ford mai inci 9 da na Chrysler mai inci 8.75 (faɗin babbar giyar ke nan) suna da daɗin aiki, domin cikin gaba ɗaya yake fitowa, ka ɗora shi a benci. Na GM mai noti 12 kuwa, a jikin mota ake aikin, kuma mazaunin babbar giyar da ke ɗaukar 3.73 ba shi ne na 4.10 ba, sai ka tambaya kafin ka biya. A shafa wa haƙoran rawayen fenti, a juya, a ga inda suke cizo. Idan cizon bai zauna a tsakiyar haƙori ba, kukan da aksul ɗin zai riƙa yi babu man da zai kashe shi. A canza ƙaramar giyar sifidomita, in ba haka ba allura za ta yi maka ƙarya. Sannan mil 500 na farko a tafi a hankali, a bar shi yana hucewa tsakanin tafiya da tafiya, a zubar da man a zuba sabo.

Wanda ya zo da girman tayarsa da sunan giyabos ɗinsa, ya ɗaga hannu mu yi nasa lissafin a allo.