Rajistar Ajinmu, Daga 1982 Zuwa 1988

Wannan jawabi ne da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron yaye ɗaliban aji shida na sakandaren garinsu a Jihar Jigawa. An ɗauke shi a waya aka rubuta, an kuma taƙaita gaishe-gaishen farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malam shugaban makaranta, malamai, iyaye maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Ku kuma 'ya'yana da kuke zaune a gaba cikin fararen kaya, da ku zan yi magana, sauran jama'a su yi haƙuri su taya ku saurare.

Nasiha kun ji ta tun safe daga bakin waɗanda suka fi ni. Ni labarin ajinmu na zo da shi, domin a cikin ɗakunan can na gindin darbejiya na yi shekara shida.

Mu 'yan UPE ne, wato shirin ilimin firamare ga kowa. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowa, masu unguwanni suka bi gida-gida suna ɗibar yara. Ba a tambayar takardar haihuwa. Za a ce ka ɗora hannu ta bisa kai, in ka taɓa kunnenka ka isa shiga aji ɗaya. Muka gama a 1982, daidai lokacin da aka fara sabon tsarin 6-3-3-4. Yayyenmu fam ɗaya zuwa fam biyar suka yi, mu aka ce shekara uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Mu ne zakarun gwajin dafi. Lokacin ma babu Jigawa, sai a 1991 aka yi ta, duk takardunmu Kano ake kai su.

Niyyar tsarin mai kyau ce, har gobe ina faɗa: yaro ya yi shekara uku ya fita da sana'a a hannu ko da bai ci gaba ba. An kawo mana injinan koyon sana'a a cikin manyan akwatunan katako, aka jibge su a sito. Babu lantarki a garin, babu wanda aka koya wa haɗa su. Har muka bar makarantar nan ban ga an ɓalle ƙusa ɗaya ba. Malamin darasin, Allah ya jiƙansa, sai ya zana injin a allo da alli, ya ce ga inda ake sa katako, ga inda haƙoran suke. Da ya ga zane ba zai kai mu ko'ina ba, ranar kasuwa ya jera mu zuwa rumfar kafinta da maƙera. A can na fara riƙe zarto, a can na ga yadda ƙarfe ke yin ja kafin a lanƙwasa shi ya zama lauje.

Ni ne monita, rajista a hannuna take kwana. Mu arba'in da biyu ne, kowa da lambarsa, har lambar ta fi sunan kama baki. Kusan rabinmu 'yan ƙauye ne. Makarantar jeka-ka-dawo ce, babu ɗakin kwana, don haka su a zaurukan mutanen gari suke sauka. Ranar Lahadi da yamma za ka gan su tafe, kowa da ƙullin tsaba a ka, da ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da kwalbar kananzir. Iyayenmu mata na gari su ke daka musu su dafa, ba a biyansu ko kwabo. Wasu daga cikin matan nan jikokinsu na zaune a nan yau. Babu wanda ya taɓa kiransu gaban taro ya ce an gode, to ni yau na ce an gode, Allah ya saka musu da Aljanna.

Sai damina ta yi gardama a 1983, ta sake yi a 1984. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba. A tsakanin nan sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Shagari, aka shigo da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, ana bin layi kafin a sayi sabulu da madara, aka canza launin kuɗi a watan Afrilun 1984, iyayenmu suka yi ta sintiri zuwa Haɗejiya don garin nan ba banki. Ƙullin tsabar 'yan zaure ya fara ƙanƙancewa. Wanda ke zuwa da kwano huɗu ya koma biyu.

A nan ne Lamba Bakwai ya ɓace. Yaro ne siriri mai rubutu da hagu, shi ke zama bakin taga, kuma babu wanda ya kai shi lissafi a ajin. Malam bai gama rubuta tambaya ba, shi ya gama a ka. Aka dawo hutu ba a gan shi ba. Kullum da safe zan kira, “Lamba Bakwai!” Shiru. In sa masa alama in wuce Lamba Takwas. Haka muka yi zango guda cur, sannan aka ja jan layi a kan sunansa da rula. 'Ya'yana, tsakanin garin nan da ƙauyensu tafiyar sa'a ɗaya ce a ƙasa. Mu arba'in da ɗaya, babu wanda ya taka. Ni da ke kiran sunan kowace safiya ban taka ba. Wannan abu yana cina har yau da furfura a kaina.

Ba baƙin ciki kaɗai muka sani ba, kada ku ɗauka haka. Mun yi ƙwallo ba takalmi, mun yi muhawara da kacici-kacici da makarantun maƙwabta, ranar Alhamis ana taron ƙungiyar ɗalibai Musulmi. A aji uku aka kai mu yawon buɗe ido Kano a jirgin ƙasan da ke zuwa daga Nguru, muka hau Dala, muka shiga Gidan Makama, da yawanmu ranar suka fara ganin bene. Bayan jarrabawar aji uku biyu daga cikinmu suka ci ta makarantun kimiyya, aka tafi da su Dawakin Kudu, muka raka su tasha kamar masu tafiya Makka.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gonar ajinmu. Kulob ɗin matasa manoma ya ba mu fili a bayan makaranta muka shuka gyaɗa. Lokacin an shiga matsin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati na 1986, littafin da aka saya bara bana ya gagara. Littafin lissafi ɗaya ke yawo tsakanin mutum biyar, kowa da darensa, in ka ɗiga masa kananzir sai an yi shari'a. Da muka isa aji shida aka ce a kawo kuɗin WAEC, sai Lamba Goma Sha Tara ya daina zuwa. Mahaifinsa ya rasu da rani, shi ne babba a gidan.

Wannan karon ba mu jira jan layi ba. Kwana uku ina kira ana shiru, rana ta huɗu bayan an tashi mu tara muka kama hanya, wasu a keke wasu a ƙasa. Muka tarar da shi yana yi wa wani ƙwadago. Mahaifiyarsa ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura, ta ce, “'Ya'yan nan, ba ƙin karatu ya yi ba.” Muka dawo muka zauna a gindin darbejiyar nan, aka yanke shawara a sayar da gyaɗar da muka ajiye don walimar gama makaranta. Ba ta isa ba. Malamai suka cika daga albashinsu, a lokacin da su ma albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Ranar Asabar kuma muka je gayya muka nome gonar gidansu.

Mu ne rukunin farko da suka rubuta SSCE, jarrabawar gama babbar sakandare, a 1988. Babu tambayoyin baya da za mu duba, don babu wanda ya riga mu. A zaure ɗaya muke taruwa bayan isha'i, fitilar ƙwai a tsakiya, wanda ya iya abu ya tashi ya koyar. Lamba Goma Sha Tara shi ke ɗaukar mana Turanci. Daga baya ya zama malamin firamare, ya yi shekara talatin yana koyarwa a ƙasar nan, na tabbata akwai waɗanda ya koya wa baƙi a cikin iyayen da ke wurin nan.

Walima dai ba a yi ba, gyaɗar ta tafi. An kira mai hoto ya jera mu a bakin aji, na dogaye a baya, malamai a kan kujeru. Ga hoton a aljihuna. Mu ashirin da shida ne a ciki.

Lamba Bakwai na haɗu da shi bayan shekara ashirin a Kantin Kwari, yana dakon dilolin atamfa. Shi ya gane ni. Muka zauna a bakin wani shago, ya tambaye ni kowa da kowa, lamba bayan lamba, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce shekarar farin babu abin da zai ɗaura a ƙulli, kunya ta hana shi dawowa zaure hannu wofi. Kwano biyu na gero a mako, shi ke nan abin da ya raba shi da makaranta, kuma akwai shi a rumbun gidanmu.

Ku kun fi mu dama. Bayan WAEC ga NECO tun shekarar 2000, ga jarrabawar masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, wanda ya bar aji ma yana iya zama ya rubuta. Mu tsofaffin ɗalibai mun yi magana, za mu ɗauki kuɗin rajistar jarrabawar waɗanda aka samo cikin 'yan ajinku da suka bar makaranta, maza da mata, har wadda aka aurar in mijinta ya amince.

Na roƙi shugaban makaranta ya binciko mini rajistarku ta aji ɗaya, ba ta bana ba, ga ta a kan tebur. Za a kira suna ɗaya bayan ɗaya. In aka kira aka ji shiru, duk wanda ya san inda mai sunan yake ya ɗaga hannu, malam zai rubuta. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ina monita? Zo ka karɓa, ka fara daga lamba ɗaya.