Fodkas ɗin Bakin Turke: goɗiyar da ake ce wa juya

Bashir: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a Bakin Turke. Yau ina tare da Baba Sale wanda tun yana yaro yake cikin barga, da kuma Dakta Hauwa likitar dabbobi, kuma maganar goɗiya zamu yi. Baba bari in fara da kai, me yasa duk hirar doki a ƙasar nan ta ingarma ce? Hawan sallah ingarma, kilisa ingarma, sukuwa ma haka.

Baba Sale: Wa alaikumus salam. Ai Bashir abin da ke ci min rai kenan, mutum zai je Maigatari ko Mai'aduwa ya zuba kuɗi ya sayo ingarma, kullum ana bashi gero da dusa da kanwa da harawa mai kyau ana wanke shi ana goge shi, ita kuwa goɗiyar da ta haife shi tana can ƙauye a ɗaure a gindin bishiya tana cin karan dawa, haƙarƙarinta duk a waje, in an kai ta barbara sau biyu bata ɗauka ba sai kaji ance juya ce a sayar. Wallahi yawancinsu ba juya bane, yunwa ce da rashin sanin lokaci.

Dakta Hauwa: Baba ka gama magana. Kaga goɗiya kusan duk kwana 21 take zagayowa, a ciki kwana 5 zuwa 7 ne kawai take karɓar namiji, kuma ƙwan baya sauka sai wajen kwana ɗaya ko biyu kafin ta daina karɓa. Toh mutum yaga ta fara ɗaga wutsiya tana fitsari kaɗan-kaɗan in ta ji kukan doki, sai ya kai ta ran farko a hau ta sau ɗaya ya dawo da ita gida yana jiran ciki, alhali ƙwan sai bayan kwana huɗu ko biyar zai sauka, lokacin maniyyin ya riga ya mutu. Shi yasa muke cewa daga kwana na biyu ko na uku a rinƙa kai ta ana tsallake kwana ɗaya har sai ta ƙi shi da kanta.

Baba Sale: Haka iyayenmu suke yi, basa dawo da ita sai ta fara harbin ingarman tana kwantar da kunne.

Bashir: Dakta na taɓa jin wai a Turai lokaci guda ne suke ɗaukar ciki a shekara, mu ma haka ne?

Dakta Hauwa: Can tsawon rana ne ke tada su, da sanyin hunturu in rana ta gajarta yawancinsu tsayawa suke cak sai bazararsu ta shigo. Mu nan bambancin tsawon rana bashi da yawa, abin da yafi tasiri shine abinci, shi yasa zaka ga da damina in ciyawa ta fito jikinsu ya murje sunfi ɗauka, a ƙarshen rani kuwa wasu ko alamar neman namiji basa yi.

Bashir: Toh wadda take ƙoshe, an kuma kai ta a kan lokaci, amma shiru fa?

Dakta Hauwa: Nan ne muke fara zargin mahaifa. Babban abin da ke hana goɗiya ciki shine kumburin cikin mahaifa, ƙwayoyin cuta su shiga ruwa ya taru ya ƙi fita, ko ƙwan ya haɗu ba zai zauna ba. Kuma ta ina suke shiga? Ku duba bayan tsohuwar goɗiya ramammiya, duburar ta faɗa ciki, farjin ya kwanta kamar tudu a ƙarƙashinta, duk kashin da tayi akansa yake zuba, bakin kuma baya rufuwa da kyau sai tana zuƙar iska in tana gudu har kana jin ƙarar. Wannan akwai ɗan ɗinki da ake yi a saman bakin farjin, ɗinkin Caslick muke ce masa, aikin mintuna ne, a wanke mahaifar a bata magani sannan a ɗinke, amma dole a tuna a warware kafin haihuwa in ba haka ba zata yage.

Baba Sale: Wannan ƙarar iskar na sha jinta, ashe ciwo ne.

Dakta Hauwa: Ƙofar ciwo ce Baba. Sannan shi ma ingarman a duba shi, don akwai wata cuta ƴar uwar sammore wadda ba ƙudan tsando ke kawo ta ba, ta barbara ake ɗaukarta, gaba ya kumbura, wasu tabo masu tudu kamar kwabo su fito a fata, dabba ta rame ƙafafun baya su fara ja. Ingarma ɗaya da kowa a unguwa yake kai wa goɗiyarsa in yana ɗauke da wani abu ai duk ya raba musu. Ko wanke shi da ruwa mai tsabta da naɗe wutsiyar goɗiya kafin a haɗa su ba ƙaramin abu bane.

Bashir: Sai maganar ɓari, wani mai sauraro ya turo cewa tasa ta zubar da biyu a wata na takwas, yana cewa baki ne.

Dakta Hauwa: Allah ya mayar masa da alheri, amma tagwayen ne da kansu sababi. Mahaifar goɗiya ɗa ɗaya take iya ciyarwa don mabiyiya sai ta mamaye bangon mahaifar gaba ɗaya kafin ɗan ya samu abin da zai ishe shi, in su biyu ne sai su raba wuri kowa ya gaza, galibi a zubar tsakanin wata 7 zuwa 9, in ma sun fito da rai da wuya su rayu. Maganinsa sikanin ne a kwana 14 zuwa 16 bayan barbara, likita yaga guda biyu ya matse ɗaya tun suna ƴan ƙwallaye kafin su kama wuri. Masu dawakin folo a Kaduna da Kano sun san wannan, kuma asibitocin koyarwa na dabbobi kamar na Zariya da Sakkwato nan ne wurin tambaya. Akwai kuma wani bairos da ke kawo musu mura ya kuma jawo ɓari a ƙarshen ciki, shi yasa ba'a haɗa mai ciki da baƙon doki daga kasuwa, kuma wadda tayi ɓari a ware ta a binne abin da ya fito.

Baba Sale: Ni Dakta abin da bazan manta ba mabiyiya ce. Ina da wata akawal, goɗiya mai hankali, ta haifa min uku. Na huɗun ta haihu da tsakar dare lafiya lau, dukushin ya miƙe ya kama nono, amma mabiyiya tana rataye har gari ya waye, sai yaron barga ya ɗaura mata dutse da igiya kamar yadda ake yiwa saniya, ta tsinke ta faɗo muka ce alhamdulillahi. Kwana biyu sai jiki yayi zafi, wani ruwa mai wari yana fita, ta miƙe ƙafafun gaba ta jingina da baya bata son taka ƙasa, na taɓa kofaton naji shi kamar an ɗauko daga wuta. Kwana na biyar ta kwanta bata sake tashi ba. Da nonon akuya na raini dukushin nan a kwalba.

Bashir: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baba.

Dakta Hauwa: Amin. Guntu ne ya rage a can ƙuryar mahaifa, ya ruɓe, dafin ya bi jini ya sauka a kofato. Goɗiya ba saniya bace, saniya zata iya kwana da ita, goɗiya in ta wuce awa 3 mabiyiya bata faɗi ba a kira likita a daren, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse ake fara yi kaɗan-kaɗan, ba'a ja, sai dai a ƙulle ta sama kar ta taka. In ta faɗo kuma a shimfiɗa ta a ƙasa a ga rassanta biyu masu kama da ƙaho sun fito har ƙarshensu babu inda ya yanke. Lissafin da muke koyarwa ɗaya biyu uku ne, awa ɗaya ɗan ya miƙe, awa biyu ya sha dakashi wato nonon farko, awa uku mabiyiya ta faɗi. Ita naƙudar ma in faya ta fashe minti 20 zuwa 30 ne, in ya wuce babu ƙafa biyu da hanci toh akwai matsala.

Bashir: Cikin wata nawa ne ma?

Baba Sale: Wata goma sha ɗaya da ƴan kwanaki.

Dakta Hauwa: Eh wajen kwana 340, wata ta rage wata ta ƙara har sati biyu ko uku, shi yasa nake roƙon mutane su rubuta ranar barbara ko a bangon barga ne da gawayi. Bayan haihuwa da kamar kwana 7 zuwa 12 zata sake neman namiji, in haihuwar tazo da wahala ko mabiyiya ta makara a bar wannan ya wuce a jira na gaba.

Baba Sale: Toh ƴar akawal ɗin nan tawa, dukusar da ta bari kafin na ƙarshen, ranar Talata aka gama kai ta, na rubuta.

Dakta Hauwa: Madalla, Talata ta sama ta biyu kenan kwana 14, zan zo da na'urar da safe in sha Allah, a tanadi ruwa da sabulu a kuma samu mutum biyu masu riƙe ta.

Bashir: Zamu zo da rikoda mu ma in Baba ya yarda. Jama'a sai mako mai zuwa, a huta lafiya.