An yaye shi daga makarantar tauhidi, amma fa bai zama firist ba tukuna

[Hoto: ɗalibai cikin rigunan yaye, ana tafi, iyaye na rungumar 'ya'yansu]

To jama'a, duk shekara idan watan Mayu ya kama sai irin wannan bidiyon ya cika Facebook da TikTok, an yaye ɗalibai a makarantar tauhidi ta cocin Episkofal can Amurka, ga riga ga hula ga takarda a hannu, sai ka leƙa ƙasa ka tarar namu sun jeru, wannan ya rubuta barka da zama firist, wancan ya ce Rabaran a sa mu a addu'a. Niyyar mai kyau ce ƙwarai. Amma cikin waɗannan da kuke gani wasu dikin ne, wato matakin da ke ƙasa da firist, wasu ko nan basu kai ba, wasu kuma ba za su taɓa zama firist ba don tun farko ba shi ya kawo su ba. Takardar nan digiri ce, makaranta ce ta bayar, kuma makaranta ba ta naɗa kowa.

Bari in ruga da tarihin a gurguje. Episkofal su ne Angilikan na Amurka, tushensu ɗaya da Angilikan ɗinmu na Wusasa da Kaduna da Jos, ko da yake yau akwai saɓani mai zurfi tsakanin ɓangarorin biyu, wannan sai wani bidiyon. Da Amurka ta ɓalle daga Ingila sai suka rasa bishop, domin a Ingila sai ka yi rantsuwar biyayya ga sarki kafin a keɓe ka, shi ya sa Samuel Seabury ya tafi har Aberdeen a Sukotlan aka keɓe shi bishop a 1784. Ku riƙe sunan nan da kyau, Episkofal, daga kalmar Helenanci ce episkopos, wato mai lura, wato bishop. Sunan cocin kansa ya gaya maka a hannun wa maganar take.

[Hoto: harabar makarantar Virginia, bishiyoyi, jan bulo, ƙararrawa]

Nan Alexandria ce a jihar Virginia, dab da Washington, makarantar an kafa ta a 1823, ta New York da ake kira General ta girme ta, ita 1817. Wannan ɗakin sujadar da kuke gani sabo ne, tsohon ya ƙone a 2010, aka keɓe wannan a 2015. Karatun shekara uku ne. Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari, Helenanci ko Ibrananci, tarihin ikilisiya, tauhidi, yadda ake wa'azi. Da safe addu'a, da yamma addu'a, daga littafin addu'arsu na 1979, wanda aka raba Zabura 150 ɗin nan cikinsa yadda mai so zai sauke su duka a kwana talatin, safe da yamma. Sannan abincin rana tare, malami da ɗalibi teburi ɗaya, gardamar da aka fara a aji kan wasiƙar Romawa a nan ake ƙarasa ta da cokali a hannu. Ku kalli wannan ɗan yaron da ke rarrafe tsakanin kujeru, ai da yawansu da iyali suke zuwa, wani lauya ne ya ajiye aiki, wata nas ce ta yi shekara ashirin a asibiti.

[Hoto ya tsaya cak. Allo: kibiya daga ƙaramin coci zuwa ofishin bishop, sannan zuwa makaranta]

To a nan zan daɗe, kuma babu wani hoto mai kyau da zan nuna muku, don wannan matakin a ɗakin taro ake yin sa da ƙofa a rufe, shi ya sa ba ya shiga bidiyo, shi ya sa kuma aka fi ruɗewa a kansa.

Mu a tunaninmu kamar aikin likita ne, ka je makaranta, ka ci jarabawa, ka fito, shikenan. A wajensu abin ta baya yake farowa. Mutum ya ji a ransa Allah na kiransa, ba fom ɗin makaranta zai fara nema ba, wajen firist ɗin cocinsu zai je ya faɗa masa. Sai a haɗa masa 'yan kwamiti daga cikin membobi, mutanen da suka san shi, sun ga yadda yake idan ransa ya ɓaci, sun san ko yana zuwa gaisuwar mutuwa ko sai ranar biki kawai ake ganinsa, su zauna da shi wata da watanni suna addu'a suna yi masa tambayoyi. Idan sun gamsu, firist da dattawan majalisar cocin su sa hannu a takarda cewa mun tsaya masa, kuma za mu tallafa masa har da aljihunmu. Daga nan sai dayosis, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin bishop. Akwai kwamitin hidima da zai yi masa intabiyu, a binciki tarihinsa, likita ya duba lafiyar jikinsa, masanin halayyar ɗan adam ya duba ta tunaninsa. Bayan duk wannan ne bishop zai ce na karɓe ka, ka zama abin da suke kira fostulan, wato mai neman shiga, wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Galibi sai a lokacin ne ma ake zama da bishop a yi maganar wace makaranta za ka je.

Kuma fa yana iya cewa a'a. Yana iya cewa ba yanzu ba, je ka dawo bayan shekara biyu. Yana iya cire sunanka kana tsakiyar karatu, ko da kai ne na ɗaya a ajin Helenanci. Makarantar tana aika masa rahoto a kanka, yana saurarenta sosai, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Shi ya sa aji ɗaya za ka ga mutum biyu, littafi ɗaya jarabawa ɗaya digiri ɗaya, ɗaya bishop ne ya turo shi, ɗaya kuma da kansa ya zo don yana so ya koyar ko ya zurfafa saninsa, ranar yaye rigarsu iri ɗaya ce, a bidiyo ba yadda za ka bambanta su.

Abin da ya fi taɓa ni a tsarin nan wasiƙa ce. Dokar cocin ta ce sau huɗu a shekara fostulan ya sadu da bishop ɗinsa ko ya rubuta masa, a makonnin da suke kira Emba, kwanakin addu'a ne na musamman don masu hidima, ɗaya a farkon Azumin kafin Ista, ɗaya bayan Fentikos, ɗaya a tsakiyar Satumba, ɗaya a Disamba kafin Kirsimeti. Ba maki kaɗai zai lissafa ba. Zai faɗi yadda karatu ke tafiya, yadda gida yake, yadda ruhunsa yake, ko addu'a ta yi masa nauyi kwanakin nan, ko ajin Tsohon Alkawari ya girgiza wani abin da ya taso da shi tun makarantar Lahadi. Ku yi tunanin mutum zaune da dare, yara sun yi barci, zai rubuta wa wanda makomarsa ke hannunsa cewa Baba, watan nan na yi fama da shakka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni a ganina sun yi daidai a nan, ko da akwai wuraren da ban yarda da su ba. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 13, a Antakiya ikilisiya ce ke sujada da azumi, Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu, jama'ar suka ƙara azumi da addu'a suka ɗora musu hannu sannan suka sallame su. Shawulun nan fa, wato Manzo Bulus, ya riga ya gamu da Yesu a hanyar Dimashƙu, amma duk da haka sai da 'yan'uwa suka ɗora masa hannu. Kuma shi ne daga baya ya gargaɗi Timoti kada ya yi gaggawar ɗora wa kowa hannu. Mu da muke ganin mutum ya yi mafarki ranar Talata ya kama shago ya kafa allon coci ranar Lahadi, mun san abin da gaggawar nan ke jawowa. Gaskiya ne tsarin nasu yana da tsawo, yana gajiyarwa, kuma kwamiti mutane ne, suna iya kuskure su mayar da wanda ya cancanta. Amma gara jinkirin.

[Hoto: baranda a asibiti, ƙaramin coci ranar Lahadi, ɗalibi gaban kwamfuta]

Sauran a guje. Hutun bazara, galibi bayan shekarar farko, a asibiti yake yin sa, yana zama da marasa lafiya da masu makoki ana duba yadda yake yi. Ranakun Lahadi yana koyon aiki a wani coci. Wani kwamitin dayosis da suke kira zaunannen kwamiti ya amince, bishop ya ɗaga shi daga fostulan zuwa ɗan takara. Watan Janairu na shekarar ƙarshe da dama daga cikinsu su zauna babbar jarabawar naɗi. Mata ma suna bin wannan layin, babban taron cocin ya amince da naɗa su firist tun 1976.

[Hoto: ranar naɗi, mutum durƙushe gaban bishop]

To ga ranar. Zai furta gaban kowa cewa ya gaskata Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari Maganar Allah ce, kuma duk abin da ake bukata don ceto yana ciki, ya sa hannu ana kallo. Bishop ya juyo ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya san wani dalilin da zai hana, ya tambaye su ko nufinsu ne a naɗa shi, su amsa da murya ɗaya. Sannan a ɗora hannu, a miƙa masa Littafi Mai Tsarki.

Yanzu ku zuba ido a kan ƙyallen nan da ake rataya masa. Kun ga ya sauko daga kafaɗar hagu ya gitta ƙirji an haɗe shi a ƙugun dama, kuma bishop shi kaɗai ya ɗora hannu? Wannan dikin ne. Zai karanta Bishara, ya shirya tebur, ya sallami jama'a, amma ba zai tsarkake gurasa da ruwan inabi ba. Sai ya yi aƙalla wata shida kafin a sake taruwa.

Ga na biyun. Kun ga firistoci sun kewaye shi kowa ya miƙo hannu tare da bishop, ƙyallen kuma ya zagaya wuya ya sauko gaba ta ɓangare biyu. To wannan bidiyon idan ya zo muku, ku rubuta barka da zama firist, har ku tambaye shi a wane coci zai fara ba da Jibin Ubangiji.