Sharhi: Jan Dodon Koɗin Dutsen Kaputar da Gobarar Daji

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau daga nan Maraɗi ya leƙa ƙasar Ostireliya ne, kan wani dutse mai suna Kaputar, kusa da garin Narrabri a jihar New South Wales. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,500. A can ƙololuwarsa akwai wani dodon koɗi marar katantanwa, launinsa ruwan hoda ne mai ɗaukar ido, tsawonsa yakan kai santimita 20, wato wajen taƙi guda. Duk faɗin duniya ba a samunsa sai a wannan dutse.

Ku dubi yadda Allah ya gina jikinsa. Ba ƙashi, ba ɓawo. Cikinsa gaba ɗaya tsoka ce guda, da ita yake jan jiki a kan yauƙin da yake fitarwa. Yauƙin nan shi ne hanyarsa, shi ne kuma yake hana fatarsa bushewa. Ba ta hanci yake numfashi ba, ta wata 'yar ƙofa ce a gadon bayansa wadda take buɗewa tana rufewa. Yawancin danginsa na tudu ƙahoni huɗu gare su, shi kuwa biyu ne, idanunsa na bisa kansu. Harshensa ɗauke yake da dubban ƙananan haƙora, kamar magagari, da su yake kankare gansakukar jikin itacen turare da ta duwatsu. Kowane ɗaya kuma namiji ne, mace ce. Da rana yana kwance ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Dare ya yi, in akwai laima, sai ya hau itace ya yi kiwo, ya sauko da safe.

Mai irin wannan jiki, rana kaɗai ta ishe shi mutuwa, balle wuta. Can da, gabashin Ostireliya daji ne mai damshi. Ƙasa ta yi ta bushewa, sanyi da raɓa suka rage a saman dutse, shi ma ya maƙale a nan. In zafi ya ƙaru, ba wani tudu a sama da zai ƙaura. Ga aladun daji suna tone inda yake fakewa. Shi ya sa a 2013 hukumomin jihar suka ba shi kariya tare da sauran dodannin koɗin dutsen, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kuma ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Sai gobarar daji ta 2019 ta ci babban ɓangare na gandun dajin da dutsen yake ciki. Aka ɗauka an rabu da shi ke nan. Da ruwa ya sauka, ma'aikatan gandun daji suka ƙirga kimanin 60, waɗanda suka tsira a cikin tsagin duwatsu. Waɗanda wuta ta tarar a ɓawon itace kam, sun tafi.

Wannan labari ya taɓa ni, domin mu ma mun san wuta. Kowace shekara, da ciyawa ta bushe bayan damina, sai mu ji gobara ta tashi a yankin Dakoro ko Bermo. Muna lissafin makiyayar da ta ƙone da dabbobin da suka halaka, kuma daidai ne, dukiyar bayin Allah ce. Amma wa yake lissafin abin da ke ƙarƙashin ganye? Tana, gwano, kwaɗo, dodon koɗi, wasunsu ne suke ruɓar da ganye ƙasa ta yi taushi. Mun yi murna da aka kai raƙuman dawa Gadabeji a 2018, don babba ido na ganinsa. Ƙaramin da ke buƙatar inuwa da laima kuwa, ranar da aka sare itacen da yake ƙarƙashinsa, ranar ya ƙare, ba mai jin labari.

Mutanen Kaputar sun iya cewa 60 suka gani ne saboda tun kafin wutar sun san akwai shi, sun san inda yake kwana. Abin da nake roƙo ke nan daga malamai da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ma'aikatan gandun daji: in damina ta zauna, a shiga dajin Baban Rafi da gefen tafkin Madarunfa da fitila cikin dare, a ɗaga ganye, a rubuta abin da aka gani. Manoma kuma, in za a ƙone sharar gona, a share kewayenta tukuna, a tsaya a kanta har ta mutu.