Idan Kotu Ta Warware Abin da Kotu Ta Ƙulla

Hadiza: Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau mu uku ne, Barista Nafi'u ya samu ya kuɓuto daga kotu, ga Sadiƙ can yana kokawa da makirufo.

Sadiƙ: Ya gyaru, Anti, ci gaba.

Hadiza: Tun makon jiya da Barista ya yi suɓutar baki ya ce kotun ƙoli ta yi daidai a shari'ar Orji Kalu, tsohon gwamnan jihar Abiya, wayata ba ta huta ba. Wani bawan Allah cewa ya yi in tambaye ka nawa aka ba ka.

Barista: Ba suɓutar baki ba ce, Hajiya, da gangan na faɗa. Kuma a gaya masa ko sisi ban gani ba, in yana da hanya ya haɗa ni da su.

Sadiƙ: Amma Barista, tsakani da Allah. Shari'ar da aka fara a 2007, sai Disamban 2019 aka yanke hukunci. Ɗaurin shekara 12, kan kuɗi sama da naira biliyan 7 na jihar Abiya. Ko wata shida bai cika a ciki ba aka ce a soke. Ina wanda zai ji wannan ransa bai ɓaci ba?

Barista: Ni ma raina ya ɓaci. Amma tsaya ka ji, ƙanina. A hukuncin nan na 8 ga Mayun 2020, akwai inda kotun ƙoli ta ce Kalu bai ci kuɗi ba?

Sadiƙ: To ai...

Barista: Babu. Ba ta ko leƙa maganar kuɗin ba. Tambaya ɗaya ta amsa: wanda ya yanke hukuncin, a ranar da ya yanke, alƙalin wannan kotun ne? Mai shari'a Mohammed Idris yana babbar kotun tarayya a Legas, shari'ar na hannunsa, sai aka ƙara masa girma zuwa kotun ɗaukaka ƙara a 2018. Ya yi rantsuwa a can. Sai shugabar kotun ta lokacin, Mai shari'a Zainab Bulkachuwa, ta ba shi takardar izini ya dawo ƙasa ya ƙarasa. Kuma ba da ka ta yi ba, sashe na 396 ƙaramin sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ne ya ba da wannan dama, don kada ƙarin girman alƙali ya sa a koma farko.

Hadiza: To ka ga doka ce ta yarda. Ina matsalar?

Barista: Matsalar ita ce akwai wadda ta fi ta. Kundin tsarin mulki shi ya faɗi su wane ne alƙalan babbar kotun tarayya. Mai shari'a Ejembi Eko, wanda ya rubuta babban hukuncin, ya nuna cewa tun ranar da mutum ya zama alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ya tashi daga alƙalin babbar kotu, kuma ba wata doka ta majalisa da za ta mayar masa da hurumin da tsarin mulki bai ba shi ba. Babu hurumi, babu shari'a, komai kyan hujjojin da aka kawo. Kuma abin da mutane ke mantawa, ba ma Kalu ne ya kai ƙarar ba. Ude Udeogu ne, wanda aka ɗaure su tare, tsohon daraktan kuɗi na gidan gwamnati. Kalu dai ya ci albarkacinsa.

Sadiƙ: Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Barista: Kai ka faɗa, ni lauya ne, ban ji ba.

Hadiza: Tunda ana maganar hurumi, Barista, ina da ƙara. Wannan yaron na ba shi kuɗin kilishi tun kafin azumi, ya ce zai biya ta Agadasawa.

Sadiƙ: Ya mai shari'a, ina da suka. Wannan kotun ba ta da hurumin sauraron maganar kilishi.

Barista: Dalili?

Sadiƙ: Alƙalin ya ci daga cikin kayan da ake shari'a a kai.

Hadiza: Au! Ashe an sayo?

Barista: Ɗan yanki ne ya ba ni a mota, ban san na amana ba ne.

Hadiza: La haula. Wato da alƙali da wanda ake ƙara duk bakinsu da yaji.

Sadiƙ: Don haka muna roƙon a ɗage zama zuwa bayan babbar sallah, lauyana ya yi tafiya.

Hadiza: Wane lauyan?

Sadiƙ: Ga shi nan zaune.

Hadiza: Shi ne alƙali, shi ne lauya, shi ne ya ci kilishin.

Barista: Shi ya sa na janye daga shari'ar. A mayar da fayil wurin babban joji ya ba wani, a faro daga farko.

Sadiƙ: Kuma shaidata ɗaya tilo, mai kilishin, ya koma Maraɗi.

Hadiza: Allah ya isa dai ba ta buƙatar hurumi.

Sadiƙ: Ita ma za mu ɗaukaka ƙara a kanta.

Barista: To ya isa, ya isa. Ina muka tsaya?

Hadiza: A faro daga farko. Ai nan ne ni abin ya fi ci mini rai. Kotun ƙoli ta ce a sake shari'a. An sake?

Barista: A kan Kalu, a'a. A Satumban 2021 Mai shari'a Inyang Ekwo na babbar kotun tarayya a Abuja ya hana EFCC sake gurfanar da shi. Hujjarsa, umarnin sake shari'ar Udeogu ya shafa, shi da ya ɗaukaka ƙara, kuma ba a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya. To a nan ni ma na rabu da su. In ka ce shari'ar farko kamar ba a yi ta ba ce, har ka fito daga gidan yarin Kuje a kan haka, ta yaya za ka dawo ka ce ai an riga an yi maka shari'a? Ɗauki ɗaya mana. Wannan kam ban kare shi ba, kuma ba zan kare ba.

Sadiƙ: Alhamdu lillahi, yau Barista ya sauko.

Barista: Ban sauko ba. Bari in tambaye ka. Ranar da Manjo Al-Mustapha ya shigo Kano a 2013, kana ina?

Sadiƙ: Ina kan titi mana, har takalmina ya ɓata a cikin turmutsitsin.

Barista: Madalla. Babbar kotun Legas, Mai shari'a Mojisola Dada, ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya a Janairun 2012, shi da Lateef Shofolahan, kan kisan Kudirat Abiola, matar MKO Abiola. A 12 ga Yulin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke, ta sallame su ta wanke su. Ranar ka ce kotu ta ci amanar talaka?

Sadiƙ: Wannan ai daban ne. Mutumin da ya yi kusan shekara 15 a tsare.

Barista: Daban ne, na yarda, ta fuskar doka ma daban ne. Shi hujja aka duba. Manyan shaidun masu gabatar da ƙara, Saja Rogers da Katako, sun faɗi magana sun dawo sun warware ta a gaban kotu. Kotun ta ce ba a rataye mutum a kan shaida irin wannan. Amma ba don ka karanta hukuncin ka fita titi ba, Sadiƙ. Don namu ne. A ranar, akwai mutane a Legas da ke faɗin daidai abin da kake faɗa yau a kan Kalu.

Hadiza: Ni kuma nan nake so a tsaya. Matar nan an harbe ta a titi a Legas ranar 4 ga Yunin 1996. Tana da 'ya'ya. Kotu ta ce ba a tabbatar da laifi a kan waɗannan ba, to, na ji. Wa ya kashe ta? Su 'ya'yan wace kotu za su je? Ku lauyoyi da an ce an soke hukunci sai ku naɗe takardu ku ce doka ta yi aikinta.

Barista: Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai wannan tambayar ba alƙalin ɗaukaka ƙara za a yi wa ba. Shi ba ya bincike, ba ya kama kowa, ko shaida ba ya gani da ido. Kundin abin da aka yi a ƙasa ake ajiye masa, ya karanta. In 'yan sanda sun yi aikin kawai, masu gabatar da ƙara sun jingina komai a kan bakin mutum biyu, me kike so ya yi? Ya cike musu giɓin da wuyan wani? Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar. Nauyin tabbatarwa a kan gwamnati yake, ita ke da 'yan sanda, ita ke da kuɗi, ita ke da gidan yari.

Hadiza: Amsa ce, amma ba ta sanyaya rai.

Barista: Ba ta sanyayawa. Kuma masu turo saƙo suna cewa wannan duk dabarar dokar Bature ce, ina so su tuna Amina Lawal. Kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke mata jifa kan zina a Maris 2002, ta Funtuwa ta tabbatar. Wa ya soke? Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jihar Katsina, a 25 ga Satumban 2003, alƙalai huɗu cikin biyar. Malamai ne masu rawani, ba masu gashin doki ba. Kuma ku ji dalilan. Alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori, alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu. Wannan ba ita ce maganar Kalu ba? Wa ya zauna, kuma yana da ikon zama? Sannan an hana ta janye iƙirarinta, alhali a haddi mai iƙirari yana da damar janyewa. Sannan maganar kwantaccen ciki, wanda a mazhabar Malikiyya zai iya kai shekara biyar, ita kuwa sakinta bai kai haka ba.

Sadiƙ: Ana kawar da haddi da shubuha.

Barista: Ka ga ka sani, a Islamiyya aka koya maka. Kafin ita ga Safiya Hussaini ta Tungar Tudu, kotun Gwadabawa ta yanke, kotun ɗaukaka ƙara a Sakkwato ta soke a Maris 2002. Cikin dalilan har da cewa abin da ake zarginta da shi ya riga dokar fara aiki. Doka ba ta cin baya. Bode George, jigon PDP na Legas, shi ma kusan haka ne, kotun ƙoli ta ce a Disamban 2013 rarraba kwangila da aka ɗaure shi a kai ba laifi ba ne a wata rubutacciyar doka a lokacin. Shi har ya gama zaman gidan yarinsa ya fito tun 2011.

Hadiza: To wa zai biya shi kwanakin da ya yi?

Barista: Wa ya biya Al-Mustapha? Amma bar su, su suna da manyan lauyoyi. Ni wanda ke hana ni barci wani ne. Je ki gidan yarin Kurmawa ko Goron Dutse. A ƙasar nan kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke, ba a ma yanke musu komai ba balle a soke. Waɗanda aka yanke wa kuma, na sha ɗaukar fayil in ga kuskuren da ɗalibin lauya zai gano: ba a karanta wa mutum tuhuma da harshen da yake ji ba, an rubuta "ya amsa laifi", shi kuwa kai kawai ya gyaɗa don ɗan sanda na tsaye a bayansa. Da za a ɗaukaka ƙara, zama ɗaya za a soke. Amma wa zai biya kuɗin haɗa kundin shari'a? Wa zai biya lauya? Wa'adin ɗaukaka ƙarar ma ya wuce bai san akwai shi ba. Ƙofar da Kalu ya fita ba haramtacciya ba ce, kuɗin shiga layinta ne ya fi ƙarfin talaka. In aka toshe ta don haushin Kalu...

Sadiƙ: Barista, ga wani saƙon da ya dace da nan. Wata baiwar Allah daga Zariya tana tambaya, mene ne bambancin wannan da afuwar da aka yi wa Dariye da Nyame, tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, a 2022?

Barista: Kai, wannan ai shiri ne guda. A taƙaice, afuwa ba kotu ke yi ba, shugaban ƙasa ne, kuma ba ta ce hukuncin kuskure ne ba. Su kotun ƙoli ma ta tabbatar da laifinsu. Abin da nake so in kai gare shi tun ɗazu, abubuwa uku ne da ya kamata a gyara. Na farko, shi wannan sashe na 396, in ana son ya yi aiki to tsarin mulkin za a taɓa. Na biyu...

Hadiza: Barista, an kira sallah, kuma mai ɗakin nan ya leƙo sau biyu.

Barista: Minti biyu kawai.

Hadiza: Minti biyunka mun san shi. Na biyu da na uku sai mako mai zuwa, tare da amsar 'yar Zariya. Sadiƙ, kashe.

Sadiƙ: Wanne ne maɓallin, jan ko...