Yaro ba ya faɗin damuwarsa inda babu amana

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, na can baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa in zauna.

Na farko lissafi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kafin shekara 14 suke somawa. 'Yan ƙaramar sakandare ke nan fa! Malam mai yara 70 a aji, yi lissafinka. Na ga malaman lissafi har sun gama.

Na biyu amana, kuma nan zan daɗe. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ba ɗalibai shawara a makaranta, amma wurare da yawa ofishin ya koma inda ake tura mai laifi. A wata makaranta da na koyar akwai yarinya 'yar aji biyu, kullum kanta a kife kan benci. Aka ce lalaci ne, har bulala ta sha. Ranar da na zaunar da ita, sai da ta gama murza bakin hijabinta sannan ta ce, "Malama, tun da aka saki mamata ba na barci, ƙirjina kamar an ɗora dutse." Ashe ta taɓa gaya wa wata malama, kafin a tashi tara duk ofishin malamai ya ji. Shi ya sa ta kulle bakinta. Amana, jama'a, amana! Da na ce mata abin nan sunansa ciwon damuwa, ba hauka ba ne, kuma ana warkewa, ɗago kai ta yi ta ce, "Dama yana da suna?" Wallahi har yau ina jin muryar nan.

Na huɗu... au, na uku ko? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, sai dai lokaci ya ƙure. Baba, ga hannunka a sama, bismillah.

Baba na tambaya ko a bar addu'a ke nan. A'a Baba, ranka ya daɗe, a yi addu'a a kuma je asibiti, kamar dai zazzaɓi. Amma in yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya ambaci kashe kansa, nan kam sirri ya ƙare. A ranar za a kira iyaye, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, akwai Kware a Sakkwato. In sun yi nisa, a fara da asibitin da ke kusa.