Garin da jaki yake da asibiti

Jama'a assalamu alaikum. Ku tsaya ku ga abin da na gani yanzun nan, don har yanzu tsigar jikina ba ta kwanta ba. Kun ga ginin nan da ke bakin ruwa? Asibitin jakuna ne. Jakuna fa na ce! Tun 1987 aka buɗe shi, kuma kyauta ake duba su. Ɗazu wani yaro ya kawo nasa, igiyar kaya ta goge masa gadon baya har ta yi gyambo. Ana wanke ciwon, yaron ya rungume kan jakin yana yi masa magana a kunne kamar ƙaninsa. Sai na tuna jakunan kakana a ƙauyenmu bayan Zariya, da mangalar taki a bayansu, wallahi sai da idona ya ciko.

Ina Lamu ne, tsibiri a arewacin gaɓar Kenya, kusa da iyakar Somaliya. Daga Nairobi na taso. Jirgi ba ya sauka a nan, tsibirin Manda yake ajiye ka, ka shiga kwalekwale mai inji, shilin 200 na ba su, kafin ka gyara zama kun ƙetaro. Kana taka ƙasa ka ji shiru, ba hon ba hayaƙi. Mota ba ta shiga lungunan nan, wani wurin in ka ware hannuwa sai ka taɓa bango biyu. Yashi, siminti, buhun shinkafa, duk a bayan jaki. 'Yan acaɓa sun fara cika bakin ruwa, kuma ni dai ban ji daɗin ganinsu ba ko kaɗan. Wanda zai zo, in ka ji ƙarar kofato a bayanka ka manne da bango, jakin nan ya san gidan da za shi kuma ba zai tsaya maka ba. Kar ka sa farin takalmi.

Ku dubi ƙofar nan. Katako ne aka sassaƙa da hannu, ganye da furanni, ga aya a sama. Bangon kuma dutsen murjani ne, rufin da itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, shi ya sa ɗakunansu dogaye ne marasa faɗi, iya tsawon itacen iya faɗin ɗaki. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne wannan 'yar rumfar ƙofar gida mai wurin zama hagu da dama. Daka suke ce mata. 'Yan'uwa, zaure ne da dakali! Baƙo namiji nan yake tsayawa, ya ce "hodi", ya jira a amsa, ba ya faɗa wa mutane cikin gida. Daga Zariya zuwa nan tafiyar dubban kilomitoci ce, ga tarbiyya iri ɗaya.

A irin wannan dakalin na zauna jiya da wani dattijo. Ya ba ni gahawa mai citta a ɗan finjali, ya ƙi karɓar ko sisi. Idonsa na kan zanna bukar ɗina, sai ya cire tasa hular ya miƙo, fara mai ƙananan huji da aka ɗinke da allura ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, taku ta yi kyau, amma ku zo ku ga aikin Barno." Ya yi dariya. Muka shiga ƙirga kalmomi: su habari mu labari, su sabuni mu sabulu, su kalamu mu alƙalami.

Garin ya kai shekara 700 ana zaune a cikinsa ba a taɓa tashi ba, shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001. Iska ce ta gina shi. Wasu watanni tana kaɗowa daga arewa ta kawo jiragen Larabawa da Indiyawa, ta juya ta mayar da su da itace da hauren giwa, da bayi kuma, gaskiya ba ta ɓuya. Turawan Fotugal sun zo a 1506, daga baya Larabawan Oman. Wancan babban ginin a dandalin Mkunguni sansanin tsaro ne, an gina shi bayan yaƙin Shela, wani ƙauye nan kusa da gari, lokacin da mutanen Lamu suka fatattaki rundunar tsibirin Pate da ta Mombasa. An gama shi 1821, Turawan Ingila suka mai da shi kurkuku daga 1910, ba a rufe ba sai 1984. Yanzu yara ke shiga karatu. Da aka haramta bauta a 1907 arzikin garin ya karye, kuma rashin kuɗin rusawa a sake gini ne ya bar mana gidajen nan yadda suke. Mu da muka samu kuɗin, ku je ku dubi abin da ya rage na badalar Kano. Abin yana ci mini rai.

Can sama kuma masallacin Riyadha ne. Habib Saleh ya kafa shi, malami sharifi da ya zo daga tsibiran Komoro, ya rasu 1935. Ya jawo masu hawan kwakwa da 'ya'yan bayi ya zaunar da su a gabansa suna karatu, manyan gari suna ta gunaguni, bai fasa ba. Maulidin da ya fara shi ake yi har yau a ƙarshen Rabi'ul Awwal, mutane na zuwa daga ko'ina a gabashin Afirka, da bandiri da ƙasida, har da tseren jakuna da na jiragen ruwa. Na makara bana, amma baɗi in da rai da lafiya da ni za a yi.

Abu ɗaya, kar ka kama masauki a Shela sai in aljihunka ya ƙoshi, Turawa sun sayi gidaje sun tsadar da komai. Nan cikin gari shilin 2,500 nake biya har da karin kumallo. Kuma garin Musulmi ne, a yi shigar mutunci, kar a ɗaga wa matan mutane kyamara.

Kun ji? An fara kiran magariba, masallaci uku a lokaci guda. Bari in kashe wannan in nemi ruwan alwala.